Abin da Ban Tambayi Iya Ba

Ranar da Iya ta rasu, layinmu na Agege ya cika har masu okada suka riƙa juyawa ta bayan masallaci. Maza suka shimfiɗa tabarmi a bakin titi, mata suka cika tsakar gida har gindin famfo. Tsofaffin 'yan goro abokan marigayi mijinta suka zo suna dogara sanduna. Masu gadi 'yan Nijar, waɗanda take ajiye wa kaya idan za su gida, suka zauna can gefe. Maƙwabciyarmu Bayarabiya mai sayar da burodi ta shigo da hannu a ka tana kuka da ƙarfi, sai da aka ja ta gefe aka ce mata ta yi haƙuri, addu'a mamaci yake so. Ta share hawaye da bakin zane, ta ce ita dai uwa ta rasa.

Kowa da abin da ya tuna. Wata ta ce Iya ce ta yanke cibiyar 'ya'yanta biyar. Wata ta ce da ta zo Legas amarya, ba ta san kowa ba, Iya ce ta koya mata yadda ake cinikin kifi da Yarabawa ba a cuce ta ba. Matan da ba su daɗe da fara haihuwa ba kuwa, abu ɗaya suka riƙa maimaitawa, suna danne dariya saboda wurin makoki ne: katin rigakafi. Ɗaya daga cikinsu ta ce ita har ɓuya take yi idan ta ji muryar Iya a soro, don ta san kafin a gama gaisawa za a ce ta ɗauko kati.

Ina zaune ina karɓar gaisuwa, ana ce mini ya haƙuri, ina cewa da godiya. Ni surukarta ce, matar ɗanta na biyu, shekara goma sha shida muna gida ɗaya. Duk waɗanda suka zo sun san Iya mai kati, amma ba su san inda katin ya samo asali ba, sai ni da maigidana. Ba su kuma san cewa na yi kusan shekara bakwai ina riƙe da ita a zuciya ba, ina gaishe ta safe da yamma, ina kai mata ruwan alwala, zuciyata kuwa a ƙulle. Abin da ya sa nake rubuta wannan ke nan. Ba na so a binne wannan ɓangaren tare da ita.

Iya gajeriya ce, mai kaifin ido da kaifin baki. A jirgin ƙasa aka kawo ta Agege tana yarinya, ta tsufa a nan, tana jin Yarabanci kamar a bakinta aka ƙera shi, amma Hausarta ta ƙauyensu ba ta gusa ko taku ɗaya ba. Sana'arta gyaran goro. Da hantsi za ta baje shi a faifai, ta ware mai tsutsa, ta yayyafa ruwa, ta lulluɓe da ganye. Ba ta son a ce mata "wai". In ka kawo mata labari ka fara da wai, sai ta ce, "Wai ma ɗan'uwan ƙarya ne, ka gani ko ba ka gani ba?" Ni kuwa a lokacin sabuwar amarya ce daga Zariya, mai sunkuyar da kai, duk maganata da wai take farawa. Ta sha yi mini tsiya cewa ɗanta ya auro mata kurma.

Da na haifi 'yar fari aka sa mata sunan Iya. Kunya ta zama biyu a kaina: ga kunyar ɗan fari, ga sunan suruka. Ban taɓa kiran sunan yarinyar ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ina yi mata wasa ba. In ta yi kuka ina tsakar gida, sai na ƙara ƙarfin daka har wani ya miƙo mini ita. Haka na ga uwata ta yi da yayana, kuma ana yaba mini, ana cewa yarinyar nan ta samu tarbiyya. Iya ce take kiranta Takwara, ita take goya ta, ita take riƙe da katin asibitinta a cikin kwallar da take ajiye turare.

Takwara ba ta cika wata tara ba na sake samun ciki. Aka ce dole a yaye ta, kuma yaye aikin kaka ne. Ya zo daidai da bikin da za a yi a ƙauyensu Iya, sai ta goya ta suka hau mota suka tafi Arewa. Wata uku suka yi. Da suka dawo na leƙa ta gefen ido na ga yarinyar ta rame, fatarta ta yi dabbare-dabbare. Raina ya ce in tambaya, kunya ta ce in yi shiru. Iya ta ce wahalar yaye ce da canjin ruwa. Na ce to, na ci gaba da tankaɗe.

Yarinyar ta murmure, ta girma, ta fi duk yaran layin surutu. Hausa, Yarabanci, Turancin Legas, duk tana juya su. Ita take raka Iya kasuwa ta riƙe mata jaka a cikin danfo, motar hayar Legas, ta dawo tana kwaikwayon kwandasta har Iya ta riƙe ciki don dariya.

Tana shekara takwas abin ya fara, kuma ba da ciwo ya fara ba. Malamarsu ta aiko cewa ba ta mai da hankali, rubutunta ya lalace. Haddar da ta yi a Islamiyya ta fara zubewa. In na aike ta sayo gishiri sai ta dawo hannu sake, ta tsaya tana kallona. Sai kofi ya riƙa suɓuce mata. Na ce iskanci ne da sangarta irin ta 'yan kaka. Na dake ta, ba sau ɗaya ba. Haka aka yi.

Iya ce ta fara cewa ba lafiya ba. Wata ranar Asabar da hantsi tana gyaran goro, Takwara tana zaune kusa da ita, sai ta ajiye faifan ta kira ni. Ta ce in zauna in duba. Na duba. Kan yarinyar ya saki ya faɗo gaba, kafaɗunta suka zabura, ta ɗago kamar ba abin da ya faru. Bayan ɗan lokaci ya sake. Iya ta ɗauko carbinta tana ja a hankali tana istigfari, duk lokacin da zaburar ta zo sai ta tsaya ta nuna mini inda yatsanta yake. Kusan wuri ɗaya yake tsayawa kullum. Ta ce kwana uku ke nan tana lura.

Maigidana direban tirela ne a Ijora, sai ya yi mako bai kwana gida ba. Da ya dawo ya gani, abokansa suka ce iska ce, aka kawo malami ya yi ruƙiyya, aka turara hayaƙi har yarinyar ta riƙa tari. Wasu suka ce farfaɗiya. Iya ba ta hana addu'a ba, ita ma tana tofa mata safe da yamma, amma ta ce wa ɗanta a gabana:

"Na ga mai farfaɗiya, na ga mai iska. Mai farfaɗiya faɗuwa yake yi ya yi kumfa. Aljani kuma ba ya aiki da agogo. Wannan abin a cikin kanta yake, ku kai ta asibiti."

A ƙaramin asibitin unguwa aka ba mu maganin farfaɗiya. Ta sha shi wata biyu, abin sai gaba yake yi. Ta fara faɗuwa a hanya, magana ta fara yi mata nauyi. Aka tura mu babban asibiti, wurin likitan ƙwaƙwalwar yara. Mu uku muke zuwa, ni da Iya da ita, mu shiga danfo biyu kafin mu isa.

Likitan Bayarabe ne mai sanyin hali. Akwai wata nas 'yar Jos da take fassara mini, don Turancina bai taka kara ya karya ba. Ya yi tambayoyi da yawa, ya sa yarinyar ta yi tafiya, ta zana gida, ta faɗi sunayen ƙannenta. Sannan ya tambaya ko ta taɓa yin ƙyanda tana ƙarama. Na ce a'a da ƙarfina, don ban taɓa ganin ta yi ba. Ya tambayi allurar wata tara. Na ce an yi mata duka, kakarta ce take kai ta. Iya tana zaune a kujerar baya, ba ta ce uffan ba. Likitan ya rubuta, ya ce to, za a duba wasu abubuwan.

Aka yi ta gwaje-gwaje, jini, hoton kai, ana neman abin a inda ba ya nan. Mako shida muna zirga-zirga. A cikin makonnin nan Iya ta daina cin abincin kirki, goronta ya bushe a faifai ba ta yayyafa masa ruwa ba. Na ɗauka tausayin jika ne kawai.

Ranar da aka manna wa Takwara wayoyi a ka don a ga yadda ƙwaƙwalwarta take aiki, likitan ya daɗe yana kallon takardar da injin ya zana. Ya nuna mana wani tsalle da layukan suke yi, su lafa, su sake yi, a kan lokaci ɗaya, daidai da zaburar da take yi. Ya ce wannan zanen yana tuna masa da wata cuta guda, amma ba ta kama yaro sai wanda ya taɓa yin ƙyanda. Ya dube ni ya sake tambaya ko na tabbata. Na buɗe baki zan ce na tabbata, sai na ji muryar Iya daga bayana.

"Ta yi."

Nas ɗin ta juya ta ce, "Mama, me kin ce?"

"Na ce ta yi baƙon dauro, ta yi ƙyanda. A hannuna ta yi, a ƙauye, tana wata goma. Kwana tara. Allurar ma ba a yi ba, ranar ta faɗo muna hanya, na ce in mun dawo. Da ta warke na ce wanda ya yi ba ya sakewa, me za a yi da allura. Uwarta ba ta sani ba. Ki gaya masa haka, kada ki rage komai."

Ko sunan ciwon ba ta saba kamawa ba, don a garinsu ba a kiransa, sai a ce baƙo ya sauka. Ranar ta kira shi a gaban bare, ta kuma kira laifinta, alhali da ta yi shiru babu mai tona ta har abada.

Aka ɗebi ruwa daga ƙashin bayan yarinyar aka aika gwaji. Da sakamako ya fito, likitan ya zaunar da mu har da maigidana. Ya ce alamar ƙyanda ta fito a cikin ruwan da yawa. Ya ce a wasu yara ƙalilan, musamman waɗanda suka yi ciwon ba su kai shekara biyu ba, ƙwayar cutar ba ta fita. Sai ta laɓe a ƙwaƙwalwa shekara da shekaru, yaro yana wasa yana girma, sannan ta farka ta fara cin ta a hankali. Ya ce abin ba kasafai yake faruwa ba, shi ya sa ake ɗaukarsa farfaɗiya ko taɓin hankali. Akwai maganin da zai rage zaburar, amma babu wanda zai tsayar da ciwon. Maigidana ya tambaya cikin Turancin Legas, "Oga dokita, to da an yi allurar fa?" Likitan ya ce allurar ita take hana ƙyanda, wanda bai yi ƙyanda ba kuma ba ya yin wannan.

A danfo muna dawowa ban dubi inda Iya take ba. Da muka shiga gida na yi abin da ban taɓa yi ba. Na tsaya a tsakar gida, ni kurmar da ɗanta ya auro, na ce mata ta kashe mini 'ya. Na ce shekara bakwai tana kallona tana cin tuwona da wannan a cikinta. Na ce mako shida ana huda yarinya da allura tana zaune a baya kamar gunki. Maigidana ya daka mini tsawa, Iya ta ɗaga masa hannu ta ce ya bar ni. Ta ce duk abin da na faɗa gaskiya ne. Ba ta kare kanta da ko kalma ɗaya ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai, don faɗa nake nema ban samu ba.

Abu ɗaya dai ya canza daga ranar: ba wanda ya sake dukan Takwara, ba wanda ya sake turara mata hayaƙi ko ya ce da ita mai iska. Mun san sunan abin da yake damunta. Na daɗe ban yarda cewa Iya ce ta saya mata wannan sauƙin da mutuncinta ba.

Iya ta kwashe kayan yarinyar ta mai da ɗakinta. Ta bar goro gaba ɗaya. Shekara biyu da rabi tana jinya. Da tafiya ta gagara, ita take goya ta zuwa bayi, tsohuwa mai ciwon gwiwa da yarinya 'yar shekara tara a baya. Da magana ta ɗauke, ita take yi musu hira su biyu, ta yi tambaya ta ba kanta amsa da muryar Takwara. Da gani ya tafi, sai ta riƙa sa mata ganyen goro a hannu ta murza, wai ta san ƙamshinsa. Da haɗiya ta yi wuya, sai ta dama kunu ya yi ruwa-ruwa ta riƙa ɗiga mata da ƙaramin cokali, kofi ɗaya ya ci awa guda. Tana juya ta kowane bayan salla don kada bayanta ya yi gyambo, kuma har ta rasu bai yi ba. Nas ɗin nan 'yar Jos ta taɓa cewa ko a asibiti ba a yin jinya haka.

Ni ma ina yi. Kunya ta riga ta tafi, ba ta bar mini komai ba sai nadama. Muna wanke ta tare, ni a kai Iya a ƙafa, hannuwanmu suna haɗuwa a cikin ruwa, ba ma magana sai "miƙo sabulu".

Takwara ta rasu wata ranar Laraba bayan azahar, kanta a cinyar Iya.

Bayan arba'in Iya ta fara abin da aka san ta da shi. Duk gidan da aka yi haihuwa a unguwar sai ta je, ba don tuwon suna ba. Ta lissafa watanni a kanta, ranar da jariri ya cika wata tara sai ga ta a soro. In uwar ta ce wai babansa bai ba da izini ba, sai ta zauna a ƙofar gida ta jira baban. In aka ce za a tafi da yaro gida yaye, sai ta ce a yi allura tukuna, mota ba ta gudu. Ta yi faɗa da wani mai shago har ya ce tsohuwar nan ta cika shisshigi, ta ce masa ta ji, ya ɗauko katin. Ta daina cewa baƙo, ƙyanda take cewa gatsal, tsofaffi 'yan'uwanta suna toshe kunne. Ta fi matsa wa masu 'ya'yan fari. Na taɓa jin ta tana ce wa wata yarinya mai jego, "Ɗauki ɗanki ki duba shi da kyau. Kunya ba ta jinya."

Na ji maganar ta shige ni, amma na yi kamar ba da ni take ba. Na fi son laifin ya zauna inda na ajiye shi. Duk lokacin da zuciyata ta ce ke fa, ba ki ga ramar ba, ba ki ga tabon ba, sai na tuna mata mako shidan nan na asibiti ta yi shiru. Haka na yi ta yi har ciwon ajali ya kwantar da Iya, ƙafafunta suka kumbura, jinyarta ta dawo hannuna.

Wata rana bayan la'asar ina shafa mata man zafi a ƙafa, gidan shiru, yara suna Islamiyya. Na dubi ƙafar nan da ta sha hawa danfo da 'yata a baya. Ban shirya ba, na ji bakina ya ce:

"Iya, da kuka je ƙauye, yaya ta yi ciwon?"

Ta ɗaga ido ta dubi rufi. Sannan ta ce, "Shekara goma sha huɗu ina jiran ki tambaya. Ranar da muka dawo, da kin ce Iya me ya same ta, wallahi da na faɗa. Na ga kin sunkuyar da kai, ga ciki a gabanki, na ce to, Allah ya rufa asiri. Daga baya kuma tsoronki ya kama ni."

Ban taɓa zaton Iya tana tsoron wani mahaluki ba, balle ni.

Ta ba ni labarin duka, ba ta rage komai ba. Yadda zazzaɓi ya fara ana tsakiyar biki, yadda idanun suka yi ja suka manne, yadda ƙurajen suka feso daga bayan kunne suka gangaro. Yadda aka hana ta yi mata wanka, aka ce baƙo ba ya son ruwa. Ta ce yarinyar ta ƙi kunu, ta ƙi nonon shanu, ta ƙi kowa.

"Ranar da za mu tafi na sace ɗankwalinki a kan igiya," in ji ta, "don na san ko na roƙa ba za ki bayar ba. Kwana taran nan ba ta runtsa ba sai an ɗora mata shi a fuska. Ke take nema."

Na tuna ɗankwalin, kore ne mai zanen ganye. Na neme shi har na haƙura, na ce iska ta ɗauke. Na kifa kaina a kan ƙafarta na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da 'yata. Na ce Iya na yafe miki, ki yafe mini, laifin namu ne mu biyu. Ta ɗora hannu a kaina ta bar shi a nan har na yi shiru. Sannan ta ce man yana bushewa, in matsa mata ɗayar ƙafar.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan ta cika, da safe, bayan ta sha kunu cokali uku.

Allah ya jiƙan Iya, ya yafe mata shirun da ta yi, ya saka mata da maganar da ta faɗa a ranar da faɗarta ta fi wuya. Ya sanyaya makwancinta, ya haɗa ta da takwararta a inda babu ciwo. In sun haɗu, ina roƙon Iya ta gaya mata cewa uwarta ta tambaya.